Keken Ƙawa da Keken Taimako: Tarihin Tsada da Kyauta

A kasuwar duniya ta yau akwai kekuna iri biyu waɗanda ba abin da ya haɗa su sai taya biyu da sarƙa. Na farko shi ne keken tsere, wanda ake ƙera jikinsa da zaren kabon, nauyinsa bai fi kilo 7 ba, kuma a kantunan Turai da Amurka kuɗinsa yakan kai dala 12,000 zuwa 15,000. Na biyu keken ƙarfe ne mai nauyi, mai giya ɗaya, wanda ƙungiyoyin agaji ke raba wa ɗalibai da manoma da ma'aikatan lafiya a karkarar Afirka da Asiya, kuma kuɗinsa bai kai dala 200 ba. Tazarar da ke tsakaninsu ce ta haifar da muhawara a kan ko ya dace mutum ya zuba irin wannan dukiya a abin hawansa alhali ga mabuƙata. Muhawarar tana da tushe a tarihin keken kansa, domin cikin shekaru 200 keke ya tashi daga hannun masu hali ya koma na talaka, sannan wani reshensa ya sake komawa ga masu hali.

Farkon keke a hannun masu hali

Kakan keke ya fito ne a Jamus a shekarar 1817, lokacin da Karl von Drais ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu a jere, ba feda, ba sarƙa. Mahayi yakan zauna a kai ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. A watan Yuni na wannan shekara Drais ya gwada shi daga birnin Mannheim, ya yi tafiyar kimanin kilomita 13. Ba da jimawa ba wani maƙerin keken doki a Landan, Denis Johnson, ya fara ƙera irinsa. Masu sayensa samarin attajirai ne 'yan gayu, shi ya sa jaridu suka mai da shi abin zolaya, wasu birane kuma suka hana hawansa a hanyar masu tafiya a ƙasa. Cikin 'yan shekaru aka manta da shi.

A shekarun 1860 maƙera a Faris, musamman gidan Michaux da Pierre Lallement, suka maƙala feda a jikin ƙafar gaba. Tunda juyi ɗaya na feda juyi ɗaya ne na ƙafa, hanyar ƙara gudu ita ce a girmama ƙafar gaba. Daga nan aka sami dogon keken shekarun 1870 wanda James Starley na birnin Coventry ya shahara da shi. Ƙafarsa ta gaba takan kai ƙirjin mutum, ta baya kuwa 'yar ƙarama. Mahayi yana zaune can sama, kusan a kan tsakiyar babbar ƙafar, don haka ko ɗan dutse ya taka sai ya wuntsila ta gaba, ka a ƙasa. Keke ne na saurayi mai ƙarfi, mai kuɗi, mai lokacin wasa. A Amurka, inda Albert Pope ya fara ƙera keken Columbia a 1878, kuɗin irin wannan keke ya kai dala 100 ko fiye, a zamanin da leburan masana'anta ke samun kusan dala 400 zuwa 500 a shekara.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover, mai ƙafafu kusan daidai da juna da sarƙa mai juya ƙafar baya, wato siffar da aka sani har yau. A 1888 kuma John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya fito da tayar roba da ake hura wa iska. Keke ya zama abin da mace da dattijo za su iya hawa, sai yayinsa ya barke a shekarun 1890. Da farko manyan gari ne suka rungume shi. Kamfanin kayan ado na Tiffany a New York har ya riƙa ƙawata kekuna da azurfa da zinariya da duwatsu masu daraja, kuma ɗaya daga cikinsu, na shekarar 1896, yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian.

A wannan zamani ne aka fara rubuce-rubuce masu tasiri a kan dukiya da yadda ake kashe ta. A 1889 attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya wallafa maƙalar da ya ce a cikinta wajibi ne mai arziki ya rarraba rarar dukiyarsa don amfanin jama'a tun yana raye, kuma shi da kansa ya gina ɗakunan karatu kusan 2,500. A 1899 masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya fitar da littafinsa a kan masu hutu, inda ya bayyana cewa akwai kayan da ake saye saboda a gani, tsadarsu ita ce amfaninsu. Waɗannan ra'ayoyi biyu su ne har yau ginshiƙan gardamar keke mai tsada.

Yadda keke ya zama na talaka

Yayin bai daɗe a hannun manya ba. Masana'antu sun yawaita, a ƙarshen shekarun 1890 Amurka kaɗai tana ƙera fiye da keke miliyan 1 a shekara, kasuwa ta cika, farashi ya karye. Zuwa farkon ƙarni na 20 ana iya samun sabon keke a ƙasa da dala 20. Masu kuɗi suka koma ga mota, keke ya zama abin hawan masinja da ɗan sanda da ma'aikacin masana'anta. Fim ɗin Italiya na 1948 wanda Vittorio De Sica ya shirya a kan wani magidanci da aka sace wa keke ya nuna matsayin da ya kai a lokacin: rasa keke rasa aiki ne.

Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham, wanda Frank Bowden ya gina tun daga ƙarshen shekarun 1880, shi ya kai baƙin keken ƙarfe kusan ko'ina a daular Birtaniya. A Indiya 'yan gidan Munjal suka kafa kamfanin keke na Hero a Ludhiana a 1956. A ƙasar Sin aka fara ƙera keken Flying Pigeon a Tianjin a 1950, kuma shekaru da yawa ba a samunsa sai da takardar rabo. Keken hawa da keken ɗinki da agogon hannu da rediyo su ne kaya huɗu da ake sa ran gidan sabon aure zai mallaka a can a wancan zamani.

Nijeriya ta kasance cikin manyan kasuwannin Raleigh, har aka riƙa harhaɗa kekunan a Kano. A ƙasar Hausa a wancan zamani mai sabon Rali, wato keken Raleigh, mutum ne da ake kallo: malamin makaranta, malamin gona, ɗan kasuwar ƙauye. Akan naɗe jikin keken da leda mai launi don kada fenti ya goge, a ƙara madubi da ƙararrawa, a sa wa sirdi riga. Sana'o'i suka taso a gefensa. Akwai masu ba da hayar keke, inda yara da yawa suka koyi hawa da 'yan kwabbansu. Akwai mai gyara a gindin bishiya da famfonsa da kwanon ruwa, wanda zai hura tiyub ya nutsa shi har ya ga inda kumfa ke fita, ya kankare wurin ya manna faci. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 ma'aikata da yawa suka koma ga babur, daga baya kuma kekunan Sin da Indiya masu araha suka mamaye kasuwa. Duk da haka keke bai bar karkara ba, yana nan yana ɗaukar buhun hatsi da jarkar ruwa da itace.

Dawowar tsada

Reshen keke mai tsada ya fito ne daga tsere. Gasar Tour de France ta fara a 1903, kuma tun daga nan maƙera ke neman rage nauyi da ƙara sauri. An tashi daga bututun ƙarfe mai sirara zuwa alminiyam da titaniyam, sannan zaren kabon. Greg LeMond ya ci gasar 1986 a kan keke mai bututun kabon. Rige-rigen rage nauyi ya yi tsanani har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka a 2000 cewa keken gasa ba zai gaza kilo 6.8 ba. A 2009 kamfanin Shimano na Japan ya fito da giyar da ake canzawa da lantarki, a 2015 kuma SRAM na Shikago ya fito da wadda ba ta da waya ko ɗaya.

Dalilan tsadar sanannu ne. Jikin keken kabon da hannu ake shimfiɗa shi, ƙyalle bisa ƙyalle, a cikin mazubi, sannan a gasa. Ana gwada siffarsa a ɗakin gwajin iska. Ba a ƙera shi da yawa. Kamfanoni kuma suna biyan kuɗi masu yawa wajen ɗaukar nauyin ƙungiyoyin tsere, su mai da kuɗin a kan mai saye. Dokar UCI ta tanadi cewa kayan da ake tsere da su dole su kasance ana sayar da su ga kowa, don haka likita ko lauya mai sha'awa yana iya sayen irin keken da zakaran duniya ke hawa. Yawancin masu sayen waɗannan kekuna ba 'yan gasa ba ne.

Abin da ƙarin kuɗin ke sayowa kuwa kaɗan ne. Bambancin nauyi tsakanin keken dala 3,000 da na dala 12,000 ba ya wuce kilo ɗaya ko biyu. Ga ɗan tsere da daƙiƙoƙi ke raba shi da nasara, wannan babban abu ne. Ga mai motsa jiki ranar hutu, saurin da zai ƙaru bai taka kara ya karya ba. Matsayin irin wannan keke ya yi kama da na dokin hawan salla da kayan adonsa: sirdi da linzami da jalala suna nuna darajar mai shi fiye da yadda suke ƙara wa dokin gudu.

Keke a matsayin kyauta

A daidai lokacin da keken tsere ke ƙara tsada ne aka fara ba da keke a matsayin agaji. Matakin farko shi ne tattara tsofaffin kekuna. Ƙungiyar Bikes Not Bombs ta fara a Boston a 1984 tana aika kekuna zuwa Nikaraguwa. Pedals for Progress ta biyo baya a New Jersey a 1991, sai Re-Cycle a Ingila a ƙarshen shekarun 1990, wadda ke loda kwantenoni zuwa ƙasashen Afirka. Village Bicycle Project ta fara aiki a Gana a 1999, tana haɗa rabon keke da koyar da gyara.

Wannan hanya ta gamu da matsala. Keken da aka ƙera don titin kwalta, mai giya goma sha da siririyar taya, ba ya jure hanyar burji da kaya mai nauyi. In ya lalace, kayan gyaransa babu su a kasuwar ƙauye, tunda kowane keke a kwantenar irinsa daban. Kekuna da yawa suka ƙare a jingine a zaure. Darasin shi ne, ba da keke ba tare da makaniki da kayan gyara ba, taimako ne na 'yan watanni.

Mataki na biyu ya zo bayan ambaliyar tsunami ta ranar 26 ga Disamba, 2004. F.K. Day, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SRAM, da Leah Missbach Day suka kafa World Bicycle Relief a 2005, suka raba fiye da keke 24,000 a Siri Lanka. Daga nan aka gayyace su Zambiya don samar da keke 23,000 ga 'yan sa kai masu kula da masu cutar ƙanjamau. Kekunan da ake samu a kasuwa a lokacin sun riƙa lalacewa da wuri, sai ƙungiyar ta tsara nata, ta sa masa suna Buffalo. Jikinsa ƙarfe ne mai kauri, nauyinsa ya haura kilo 20, kariyarsa ta baya tana ɗaukar kilo 100, birkinsa a feda yake, mahayi ya taka baya keke ya tsaya, don haka babu wayar birki da za ta tsinke. Ana harhaɗa shi a ƙasashen da ake raba shi, ana horar da masu gyara a kowane yanki, ana buɗe kantunan kayan gyara. A shirin makarantu kashi 70 cikin 100 na kekunan 'yan mata ake ba, bisa yarjejeniyar cewa keken zai zama na ɗaliba in ta ci gaba da zuwa makaranta har wa'adin da aka ɗiba. Ƙungiyar ta raba fiye da keke rabin miliyan a ƙasashe irin su Zambiya, Kenya, Malawi, Zimbabuwe da Kwalambiya.

An auna tasirin irin wannan rabo. A jihar Bihar ta Indiya gwamnati ta fara shiri a 2006 na ba kowace yarinya da ta shiga aji na 9 kuɗin sayen keke. Binciken Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya gano cewa shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, tazarar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40. Tasirin ya fi yawa a ƙauyukan da ke nesa da makaranta. A Zambiya wani gwaji a makarantun karkara ya nuna cewa fashin makaranta tsakanin 'yan matan da aka ba keke ya ragu da kashi 28 cikin 100, lokacin tafiya kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A arewacin Nijeriya nau'in wannan kyauta da aka fi sani shi ne keken guragu mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. A Kano da Jos akwai wuraren da waɗanda shan inna ta nakasa ke ƙera shi da kansu, da bututun ƙarfe da tayoyi da sarƙar keke, masu hali da ƙungiyoyi su saya su raba. Tunda kayansa na keken kasuwa ne, kowane mai faci yana iya gyara shi.

Inda biyun suka haɗu

Tarihi bai nuna keken tsada da keken taimako a matsayin abokan gaba ba. Sau da yawa kuɗin na biyun daga masu na farkon yake fitowa. World Bicycle Relief ta taso ne daga cikin SRAM, kamfanin da ke ƙera giya mai tsada. Hawan keke don tara kuɗin agaji kuma ya zama al'ada a Turai da Amurka. Hawan Landan zuwa Brighton ya fara a 1976, daga baya ya zama hanyar tara wa gidauniyar ciwon zuciya ta Birtaniya kuɗi. Hawan Pan-Mass Challenge a jihar Massachusetts ya fara a 1980 da mahaya 36 da suka tara dala 10,200 don cibiyar ciwon daji ta Dana-Farber, kuma a 2024 jimillar abin da ya tara ta haura dala biliyan 1. A 2015 ƙungiyar tsere ta MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu ta shiga Tour de France da sunan gidauniyar da ke raba wa yara kekuna, inda ɗan ƙungiyar, Daniel Teklehaimanot na Iritiriya, ya sa rigar gwanin hawan tsauni na wasu kwanaki.

Haɗin yana da nasa rauni. A 2009 aka yi gwanjon wani keken Trek da mai zane Damien Hirst ya ƙawata da fukafukan malam buɗe littafi na gaske, wanda ɗan tsere Lance Armstrong ya hau a Tour de France ta wannan shekara. An sayar da shi dala 500,000 a gidan gwanjo na Sotheby's, kuɗin ya tafi gidauniyar Armstrong ta masu ciwon daji. Bayan shekara 3, a 2012, aka ƙwace kambunsa 7 na Tour de France saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari, gudummawar da gidauniyar ke samu kuma ta faɗi ƙwarai. Taimakon da aka rataya a wuyan shaharar mutum ɗaya yana faɗuwa tare da shi.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu sukar keke mai tsada sun fi dogara da hujjar masanin falsafa Peter Singer, wanda ya wallafa a 1972, bayan bala'in 'yan gudun hijirar Gabashin Bengal, cewa wanda zai iya hana mummunan abu ba tare da ya rasa wani abu mai kama da shi a muhimmanci ba, to wajibi ne ya hana, ko mabuƙacin yana kusa ko yana nesa. Daga wannan tunani aka sami ƙungiyar GiveWell a 2007, mai auna abin da kowace dala ke yi a hannun ƙungiyoyin agaji, da Giving What We Can a Oxford a 2009, wadda 'ya'yanta ke alkawarin ba da kashi 10 cikin 100 na abin da suke samu. Lissafinsu a fili yake. A farashin dala 165 da aka sa wa keken Buffalo a 'yan shekarun nan, dala 12,000 za ta sayi keke 72. A ƙiyasin GiveWell kuma, kimanin dala 5,000 da aka sa a gidan sauro mai magani ko a maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara da damina, irin wanda ake rabawa a arewacin Nijeriya da Cadi da Burkina Faso, tana ceton rai ɗaya.

Masu kare shi suna cewa keke mafi tsada bai kai kuɗin matsakaiciyar mota ba, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, yana kuma gina lafiyar mai shi, don haka ba adalci ba ne a ware shi a bar masu motocin alfarma. Suna ƙara da cewa fasahar da aka fara a keken tsere, kamar jikin alminiyam, daga baya takan sauko ga kekunan kowa. Hujja ta uku ita ce wanda ya fasa sayen keke mai tsada ba lallai ne ya ba da kuɗin sadaka ba, yana iya kashe shi a wani abin sha'awa.

Fiƙihun Musulunci ya raba al'amarin gida biyu. Abin hawan da mutum ya mallaka don amfanin kansa ba a fitar masa da zakka, komai tsadarsa, sai in na sayarwa ne. Amma almubazzaranci da alfahari abin zargi ne, kuma abin da ake dubawa shi ne halin mai saye, da niyyarsa, da ko ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa na iyali da dangi da maƙwabta.

Abin da shekaru 200 na tarihin keke suka tabbatar shi ne, amfaninsa mafi girma yana ƙasan farashi ne. Dala 165 ta farko ita ke mai da tafiyar awa biyu ta koma ƙasa da awa ɗaya, ta kai yarinya aji kafin a buga ƙararrawa, ta kai madarar manomi kasuwa kafin ta lalace. Kowace dala da aka ƙara bayan 'yan dubbai na farko, giram da daƙiƙa take sayowa. Keke mai tsada kayan aiki ne ga ɗan tsere, ga sauran masu sayensa kuwa kayan sha'awa ne, kuma ma'aunin da ya dace da shi shi ne na kowane kayan sha'awa: a duba abin da mai shi ya fitar wa mabuƙata a gefen abin da ya kashe wa kansa.